Yadda Ake Zaɓar Talabijin ta Bango Idan Kuɗi Ba Su da Yawa

Duk sanda biki ya matso, ko azumi ya ƙarato, ko aka kusa buɗe kakar ƙwallo, tambaya ɗaya ce ke dawowa gare ni: "Ga abin da ke hannuna, wace talabijin zan saya?" Cikin masu tambayar akwai angon da ke haɗa falo, akwai uwar da ta kwashi adashi, akwai wanda tsohuwarsa mai ƙaton baya ta gaji. Kusan dukansu idonsu na kan girma. Ni kuma a ganina, mai ƙaramin kuɗi ya fara neman ta gaske, ya tanadar mata kariya daga wutarmu, girma ya biyo baya. Ga yadda ake bi.

1. Raba kuɗin tun kana gida

Kuskuren farko shi ne mutum ya zuba duk abin da ke aljihunsa a kan talabijin, ya iso gida ba abin rataye ta, ba abin kare ta. Ka kasa kuɗinka kashi biyar: huɗu na talabijin, ɗaya na sauran kaya. Misali idan naira 250,000 ce a hannunka, talabijin ɗin da za ka taya kada ta wuce 200,000. Ragowar 50,000 ta tafi a na'urar kariyar wuta, ƙarfen bango, wayar HDMI mai haɗa ta da dikoda, ladan mai haɗawa da kuɗin abin hawa.

Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 farashin kayan wuta ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka kada ka dogara da kuɗin da maƙwabcinka ya saya bara. A makon da za ka saya, duba farashi a Jumia ko Konga, ko shafin Fouani, dillalan LG da Hisense a Najeriya. Rubuta sunan kamfani da inci da lambar samfurin, wato harufa da lambobin da ke biye da sunan. Da wannan takardar za ka shiga kasuwa.

Gargaɗi: masu bayar da kaya a biya kaɗan-kaɗan sun yi yawa yanzu. Kafin ka sa hannu, tara duk abin da za ka biya har watan ƙarshe ka kwatanta da kuɗin hannu. Sau da yawa ratar ta isa ta saya maka wadda ta fi ta girma da inci goma, ban da batun kuɗin ruwa da mutane da dama ke gudu.

2. Da wace wuta za ka kunna ta?

Wannan tambayar ta zo kafin ta girman talabijin, domin ita ce za ta yanke maka girman. A bayan kowace talabijin akwai takarda da aka rubuta yawan wat ɗin da take ja. A ƙiyasi, inci 32 na cin wat 30 zuwa 50, inci 43 na cin 60 zuwa 90, inci 55 kuwa takan haura 100.

Ga mai mita, lissafin ba wuya. Talabijin mai wat 50 da ake kunnawa awa 6 kullum za ta ci yunit 9 a wata. Mai wat 120 za ta ci kusan 22. Idan layinku Band A ne, inda yunit ya haura naira 200, za ka ji bambancin a jika.

Ga mai sola abin ya fi tsanani. Batir na 12V mai 100Ah, irin na ruwa ko na jel, ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, wato abin da za ka mora bai wuce wat 600 na awa guda ba. Talabijin mai wat 40 za ta kai ka awa 12 ko sama a kansa, mai wat 120 kuwa ko awa 5 da ƙyar, kuma ba a sa fanka da ƙwan fitila a lissafin ba. Idan a ƙauye kake ko unguwar da sai a yi kwanaki ba a ga wutar NEPA ba, nemi wadda aka rubuta AC/DC a kwalinta. Irin wannan tana jonuwa da batir kai tsaye ba sai da inbata ba, kuma an fi samunta daga inci 19 zuwa 32.

Gargaɗi: duba a tabbata an rubuta 100–240V a bayanta. Mai wannan rubutun tana jure wuta idan ta yi ƙasa. Wadda aka rubuta 220–240V kaɗai za ta riƙa ɗaukewa duk sanda wuta ta zo rabi-rabi.

3. Auna ɗakin

Ɗauki tef ka auna daga inda ake zama zuwa bangon da za a rataye ta. Mita ɗaya da rabi zuwa biyu, inci 32 ta wadatar. Mita biyu zuwa biyu da rabi, inci 40 ko 43. Sai nisa ya kai mita uku ake jin buƙatar inci 50 zuwa sama. Yawancin ɗaki ciki da falo na haya, da an zuba kujeru, abin da ya rage tsakani bai fi mita biyu da 'yan kai ba.

Ana auna inci ne daga kusurwar gilashi ta ƙasa zuwa kusurwar sama ta ɗaya gefen, ba tare da bakin roba ba. Inci 32 santimita 81 ce, inci 43 santimita 109, inci 50 santimita 127, inci 55 kusan 140. Rubuta waɗannan a takardar nan, tef ɗin ma ka sa shi a aljihu, zai yi maka aiki a mataki na 8.

4. Kaifin hoto: me za ka riƙa kallo?

Kalmomi uku za ka gani a kwali. HD na nufin ɗigon hoto 1366 a kwance, 768 a tsaye. Full HD 1920 da 1080. 4K ko UHD kuwa 3840 da 2160.

A inci 32, HD ta isa, ido ba zai raba ta da Full HD daga kan kujera ba. A inci 40 da 43 kada ka yarda da ƙasa da Full HD. Daga inci 50 ne 4K ke fara yin ma'ana, shi ma sai in kana da abin da za ka ciyar da ita. Tashoshin da aka fi kallo a gidajenmu, irin su Arewa24, NTA, tashoshin tafsiri da na labarai da ake kamawa ta dish ko GOtv ko StarTimes, ba 4K suke watsowa ba, da yawa ma ko HD ba su kai ba. Idan ka ɗora irin wannan hoton a gilashi mai inci 55, ƙara fito da dusu-dusunsa kawai za ka yi. Na sha ganin mutum ya sayo ƙatuwa yana ƙorafin wai ba ta kai ƙaramar gidan ƙaninsa kyau ba, alhali ba laifinta ba ne.

Akwai wani abu da mai shago ba zai ambata ba: yadda hoto ke fita daga gefe. A gidajenmu ba kowa ke zama saitin talabijin ba, yara na ƙasa kan darduma, wasu na can kusurwa. Wani gilashin, da ka matsa gefe launinsa zai koɗe. Nau'in da ake kira IPS ya fi riƙe launi daga gefe, nau'in VA kuma ya fi baƙi mai zurfi idan ana kallo da dare daga gaba. Ba sai ka haddace sunayen ba. A shago ka tsaya gefe, sannan ka tsuguna, idonka zai gaya maka.

5. Simat ko wadda ba simat ba

Idan dikoda ce abin kallonka, ko filashin da kake kai wa masu tura fina-finai, kuɗin da za ka ƙara don simat, wato mai shiga intanet da kanta, asara ce. Ka sayi gangariyar da ba simat ba, daga baya in hali ya yi ka sayi ɗan akwatin Android ko sandar da ake soka wa a ramin HDMI, ta koma simat. In akwatin ya tsufa, shi kaɗai za ka canza.

Idan kuma lallai YouTube kake so, fara yin lissafin data. Netflix, masu nuna fina-finai ta intanet, da kansu sun ce awa guda a HD na iya cin giga 3, a 4K har giga 7. Wanda ke sayen giga ɗaya ko biyu a waya ba zai jure wannan ba.

In ka yanke sai simat, tambayi sunan manhajar da ke cikinta. Google TV ko Android TV na gaske, VIDAA ta Hisense, webOS ta LG, Tizen ta Samsung, waɗannan sanannu ne.

Gargaɗi: akwai masu arha da ake rubuta wa "Android" kawai, manhajar waya ce aka cusa musu da ƙwaƙwalwa 'yar mitsitsiya. Ranar farko za su yi aiki, bayan 'yan watanni YouTube ya fara maƙalewa ko ya ƙi buɗewa gaba ɗaya. Alamarsu ita ce sai ka riƙa jan wata 'yar kibiya da rimot kafin ka danna abu.

6. Juya bayanta

Ramin HDMI aƙalla biyu, USB aƙalla ɗaya. Idan dikodarka tsohuwa ce mai waya uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, tabbatar akwai ramin AV, don wasu sababbin sun daina zuwa da shi. Duba kuma ko akwai hanyar fitar da sauti, ramin iyafis ko HDMI mai rubutun ARC ko Bluetooth, saboda sifikun talabijin siririya ba su da ƙarfi, wata rana za ka so ƙara na waje. In an rubuta DVB-S2, tana iya kama tashoshin kyauta daga dish ba tare da risiba ba. DVB-T2 kuma na eriya ne.

7. Sabuwa, Beljiyam, ko jabu

A nan ne kuɗin mutane ke salwanta, don haka zan ɗan daɗe.

Kaya uku ne a kasuwa, ko a Sabon Gari da France Road a Kano kake, ko kasuwar Sheikh Gumi a Kaduna, ko Wuse a Abuja, ko Alaba a Legas inda akasarin kayan ke fitowa.

Na farko, sabuwa dal a kwali daga kamfanin da ke da wurin gyara a ƙasar. Samsung da LG sun fi tsada. Hisense da TCL na tsakiya, kuma nan ne mai matsakaicin ƙarfi ya fi samun abin da ya dace da kuɗinsa. Ƙasa da su akwai irin su Skyrun, Polystar, Bruhm, Nexus, Syinix da itel. Waɗannan ba jabu ba ne, sunansu suke sayarwa, kuma in garanti ya tabbata babu laifi a saye su.

Na biyu, Beljiyam, wato na hannu da aka shigo da su daga waje. Ana dacewa a samu tsohuwar Sony ko Panasonic ko Samsung mai ƙwari da sauti mai kyau a kuɗin da bai kai na sabuwa ba. Sai dai babu garanti, sai ɗan kwanakin gwaji da mai shago ya yarda ya ba ka. In za ka bi wannan hanyar, tafi da mai gyaran talabijin da ka yarda da shi, ka biya shi ladan tafiyarsa.

Gargaɗi kan Beljiyam: wadda ta fito daga Amurka ko Japan wani lokaci 120V ko 100V kaɗai take ɗauka, kana jona ta a soket ɗinmu ta ƙone nan take. Sannan akwai tsofaffin fulasma na asali, masu nauyi da gaban gilashi mai ƙauri, waɗanda manyan kamfanoni suka daina ƙerawa tun wajen 2014. Hotonsu na da kyau, amma wutar da suke ci ta ninka ta LED, wato siraran da ake yayi yanzu, suna zafi, kayan gyaransu kuma sun yi wuya. Ko kyauta aka ba mai sola, ya yi godiya ya bar ta.

Na uku shi ne jabu: talabijin marar asali da aka manna wa tambarin babban kamfani, aka saka a kwali mai sheƙi. Ita ce ta fi kama masu neman girma, don za a ce maka ga inci 43 ta fitaccen kamfani a kuɗin inci 32. Araha ba ta ado. Ana gane ta da abubuwa kamar haka: tambarin gaba manne yake da gam, kana iya ɓamɓare shi da farce, rimot ɗin ba shi da nauyi kuma bai yi kama da na kamfanin ba, idan ka shiga saitinta tsarin bai yi kama da na ainihin kamfanin ba, in ka rubuta lambar samfurin a Google ba ta fitowa a shafin kamfanin. Wani mai shagon zai faɗa maka gaskiya da ka tambaye shi kai tsaye, "Alhaji, tsakani da Allah, orijina ce ko kwafi?" Wani kuma zai ce maka "ai duk China ke yi." Wanda ya ba ka amsa ta biyu, yi masa sallama ka ƙara gaba.

Tsakanin inci 32 ta gaske da inci 43 ta jabu a kuɗi ɗaya, ni ta gasken zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

8. Gwaji kafin kuɗi su bar hannunka

Tun a gida ka zuba wa filashi hotuna biyar na launi zalla: fari, baƙi, ja, kore, shuɗi. Ƙara bidiyo biyu ko uku irin waɗanda ka saba kallo, ɗaya nau'in fayil na MP4 ɗaya na MKV. Ka nace a buɗe wadda za ka tafi da ita, ba wadda ke rataye a shago ba.

Fara da tef, auna gilashin kusurwa zuwa kusurwa. Jabu da yawa an rubuta 43 a kwali, a tef kuwa 39 ko 40 ne. Sai ka kwatanta lambar siriyal da ke kwali da ta bayan talabijin, su zama ɗaya.

A kunna, ka sa farin hoto. Nemi ɗigon baƙi da ba ya motsi, ko inuwa a wani sashe, ko wasu fararen tabo masu haske kamar an haska tocila daga ciki. A Beljiyam, idan farin ya koma shuɗi-shuɗi ko ruwan hoda, fitilun bayan gilashin sun tsufa. Sa baƙin hoto ka ga ko haske na tsiyaya da yawa daga gefuna. Sauran launukan za su tona ɗigon da ya maƙale. Layi ko da siriri ɗaya ne, a tsaye ko a kwance, kada ka karɓa ko an rage maka kuɗi, domin ciwon gilashi ne kuma ƙaruwa yake yi.

Kunna bidiyon ka ji ko da sauti, don wasu na nuna hoton MKV su bar ka shiru. Ƙure ƙara ka ji ko sifika na karkarwa. A gwada kowane ramin HDMI ɗaya bayan ɗaya, a danna kowane maɓallin rimot. Idan Beljiyam ce, a bar ta a kunne minti 20 zuwa 30, saboda wata matsalar sai ta yi zafi take bayyana.

Abin da ya sa ake matsawa kan gilashi shi ne, fitilun baya da allon wuta masu gyara na canza su a kuɗin da za a iya jurewa, amma canjin gilashi kuɗinsa na kusan kamo na sabuwa.

9. Ciniki da rasit

Kada ka bi yaran da ke tare mutane a bakin kasuwa suna "me ake nema?", la'adarsu a kanka za ta hau. Zaga shago uku kafin ka taya. In an faɗi kuɗi, fito da takardarka ka nuna ka san farashi. A sabuwa ta kamfani ragin ba ya da yawa, don ribar 'yan kasuwa a kanta ƙanƙanuwa ce, ka fi samun nasara in ka nemi a haɗa maka da ƙarfen bango ko wayar HDMI. A Beljiyam kuwa akwai filin ciniki sosai.

Rasit ya ƙunshi sunan shago da lambar waya, kwanan wata, sunan kamfani, lambar samfuri, lambar siriyal da tsawon garanti. A cike katin garanti a buga masa hatimi. Yi tambaya ƙarara: in ta samu matsala, nan zan dawo da ita ko ofishin kamfani, kuma ina ofishin yake? Ga Beljiyam, a rubuta kwanakin gwajin a jikin rasit, kada a bar shi a baki. Ɗauki hoton rasit ɗin da waya, tawadar wasu na gogewa.

Gargaɗi: garanti ba ya ɗaukar fashewar gilashi, kuma galibi ba ya ɗaukar ƙonewa ta dalilin wuta ko tsawa.

10. Kai ta gida da haɗawa

A tsaye ake ɗaukar ta, cikin kwalinta da kumfarta. Kada a kwantar da ita a bayan Adaidaita Sahu ko but ɗin mota, kada a ɗora mata komai, kuma kada a ɗauko ta a babur. Gilashin siriri ne, rami ɗaya a titi ya isa ya tsaga shi daga ciki. Wajen fito da ita a kama gefuna, ban da danna yatsa a fuskarta. Ajiye kwalin har garanti ya ƙare.

Kafin ta ga soket, na'urar kariya ta riga ta. Wadda ake kira TV guard ita ce mafi ƙarancin abin da ya kamata ka tanada: tana yanke wuta in ta yi sama ko ƙasa fiye da kima, kuma in an dawo da wuta tana ɗan jira kafin ta saki. Wannan jiran shi ne amfaninta, don lokacin dawowar wuta ne kaya suka fi ƙonewa. Idan wutar unguwarku kullum a raunane take, ƙara stabilaiza mai 500VA ko 1000VA, ta ishi talabijin da dikoda. Mai janareta ya bari injin ya daidaita kafin ya kunna, ya kuma kashe talabijin kafin ya kashe injin, kada ya bari mai ya ƙare tana kunne.

Wajen ratayewa, tsakiyar gilashin ya zo daidai idon wanda ke zaune, ko sama kaɗan in akwai yara masu taɓe-taɓe. Masu haɗawa na son kai ta can kusa da silin, kada ka biye musu, wuyanka ne zai biya. Bangon bulo na siminti na riƙe ƙarfe da kyau, bangon ƙasa kuwa gara a ɗora ta a kan tebur mai ƙarfi. Kada ta fuskanci taga, kada kuma ta zauna inda rufi ke yoyo.

Da ka kunna, in ta tambaye ka yanayin shago ko na gida, zaɓi na gida. Shiga saitin hoto ka rage hasken fitilar baya zuwa wajen rabi ko sama kaɗan. Daga kamfani a ƙure yake zuwa, kuma ƙurewar ce ke kashe fitilun da wuri, ga cin wuta.

Lokacin hunturu ana rufe ta da ƙyalle saboda ƙura, amma a cire shi duka kafin a kunna, don ramukan bayanta ne hanyar shan iskarta. Gogewa da busasshen ƙyalle mai laushi ne, ba a fesa mata ruwa ko turare ko maganin goge gilashin taga, domin ruwan na gangarawa ƙasan gilashin ya haifar da layi. Da damina kuma, in hadari ya haɗu ana walƙiya, zare fulogi daga bango, ka zare wayar dish ko ta eriya daga bayan dikoda, saboda tsawa na biyo wannan wayar ta shiga ta HDMI, inda na'urar kariyar soket ba ta tsare komai.